Aron Murya a Tsohon Burtali

"Wannan tsayawa ta nawa ke nan, Gwadabe? Ta biyar ko ta shida?"

"Ta huɗu ce, Alhaji. Ta farkon ba tsayawa na yi ba, sassautawa na yi."

"Saboda kaza."

"Kaza da 'ya'yanta."

Haka suke tun da muka baro kasuwar Ajingi. Alhaji Maikuɗi mai sayen gyaɗa ne, buhunansa ne suka cika bayan motar, kuma so yake ya isa Gaya kafin hadarin da ya haɗu a gabas ya sauko a kansu. Gwadabe kuwa duk mai bin hanyar nan ya san shi da hali guda, ba ya wuce kowa da gadara. In ya hango mai jaki, tun daga nesa zai rage gudu kada dabbar ta firgita. In ruwa ya kwanta a hanya, ga mata a gefe da kaya a ka, sai ya lallaɓa motar don kada ya fallatsa musu taɓo. Garken shanu kuwa, kashe injin yake yi ya jira na ƙarshe ya tsallake, sannan ya ɗaga wa makiyayin hannu.

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama ce, ƙarshen damina. Mu huɗu ne a gidan gaba: direba, Alhaji, kakata Dada, sai ni a jikin ƙofa. A Balan za mu sauka ni da ita. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, kuma Allah ya yi ni da wani hali: duk muryar da na ji sau biyu ta zama tawa. Na taɓa fito da matan gida uku da kwalabe a hannu suna neman mai tallan kananzir, ni kuwa ina bayan rumbu ina dariya. A motar ma na riga na ɗauke muryar Alhaji tsaf, ina maimaita mitarsa ƙasa-ƙasa ta hanci yadda yake yi. Dada ta mintsine ni a cinya har sau biyu.

Rana ta yi ja, ta kusa faɗawa cikin dawa, sai muka iso wata gangara inda tsohon burtali ya ratsa hanya. Shanu sun daina binsa tun kafin a haife ni. Babu komai a wurin sai wata tsamiya da ciyawa da ta kai ƙugu.

Gwadabe ya taka birki. Ya kashe injin.

Alhaji ya tambaye shi yanzu kuma wace kazar ce. Gwadabe ya ce babu kaza, amma nan wurin in almuru ya yi akwai masu tsallakawa, shi ya sa yake tsayawa ya yi sallama, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai, sannan ya wuce. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana haka. Alhaji ya tambaya ko an taɓa amsa masa. Ya ce a'a, amma ba don a amsa ba yake yi.

Ya leƙa da kansa ta taga, ya ce a hankali, "Salamu alaikum. A gafarce mu, in kun gama za mu wuce."

Sai shaiɗan ya raya mini wani abu. Na juya fuskata waje kamar mai kallon dawa, na ja mayafi na rufe bakina. Niyyata in yi muryar wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa.

"Wuce, ɗana. Mun gama."

Ba muryar mai daddawa ce ta fito ba. Wannan ban taɓa jin ta ba. Tana da kauri, tana da sanyi, kamar daga cikin rijiya. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, amma da na ga yadda idon Alhaji ya fito, dariya ta taso mini har na ciji mayafina.

Gwadabe ya ce ya gode. Ya tayar da mota, ya kunna fitilu, ko ƙafa biyu bai kai ba a karatunsa.

Ba mu yi taku biyar ba muka ji ƙarar a ƙarƙashin tayar gaba. Ƙwas. Irin ƙarar babbar ƙwarya in an taka ta.

Injin ya mutu da kansa.

Ƙanshin nono ya cika motar. Nono mai tsami, da man shanu, da hayaƙin kara. Kwaɗin da ke ta kuka a gangaren duk suka ɗauke. Cikin shirun nan na fara jin sawu. Kofatai da yawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hucin shanu, da kukan jariri can nesa. Fitilun suna haska hanya fayau, babu kowa a cikinta. Ciyawar burtalin ce kawai take kwantawa tana tashi.

Sai sawun ya tsaya.

Na kalli madubin da ke gefena. Tana ciki. Doguwar tsohuwa, gammo a kanta, babu ƙwarya a kan gammon. Nono yana bin goshinta yana ɗiga ta haɓa. Na juya in gan ta da idona, babu kowa. Na koma madubi, ta matso.

Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Daga maƙogwarona ya fito.

"Wa ya ce ka wuce?"

Dada ta damƙe wuyan hannuna. Na so in ce mata ba ni ba ce, amma harshena ba ya hannuna. Ina ji ana juya shi a bakina.

"Muryata tana cikin yarinyar nan," in ji bakina. "Sauke mini ita."

Mariƙin ƙofar ya fara motsi a hankali. Babu hannu a kansa.

Alhaji yana ta salati. Cikin salatin na ji ya raɗa wa direba cewa a ba baiwar Allah abin da ta nema, tunda yarinyar ita ta jawo. Dada ta zagayo da ɗaya hannun ta riƙe ƙuguna. Ina jin ƙashin yatsunta.

Ƙofar ta buɗe faɗin tafin hannu. Iska mai sanyi ta taɓa ƙafata, ta naɗe idon sawuna.

Gwadabe ya kashe fitilun. Ya ce kada hasken ya dami yaransu. Ya buɗe tasa ƙofar ya sauka. Muna ganinsa a ɗan jan hasken da ya rage, ya zagayo ta gaban motar, ya cire hularsa, ya tsuguna a gefen ƙofata yadda ake tsugunawa gaban uwa. Kansa a ƙasa.

"Sannu da hanya, Inna. Ba wanda ya ji rauni dai?"

Bakina ya ce ƙwarya ce kawai, amma ta kakar kakarta ce.

Ya ce laifin nasa ne. Sitiyari a hannunsa yake, ba a hannun yarinya ba, kuma shi ya yanke karatunsa don ya ji abin da ransa ke son ji. Ya ce in akwai hukunci a yi a kansa.

"Ba kai nake nema ba. Sauke ta."

Abin da ke ƙafata ya ja. Takalmina ɗaya ya faɗa ƙasa, ban ji saukarsa ba.

"Inna, a Balan kakarta ta ce mini za su sauka," in ji Gwadabe. Bai ɗaga murya ba. "Ban taɓa sauke fasinja a inda bai ce ba. Kin fi kowa sanin haka, a gabanki nake wucewa."



Ya miƙa hannu ƙarƙashin taya yana tsintar wani abu da ba na gani, yana tarawa a cikin hularsa. Ina jin sakainar tana ƙara. Da ya gama ya ajiye hular a bakin burtali da hannu biyu.

Bakina ya sake buɗewa. A wannan karon muryar ta sauko. Ta ce shekara goma sha ɗaya ba a taɓa taka musu ko da ɗan maraƙi ba a ranar da yake kan hanya. Ta ce sauran direbobi sai su danno da ƙara da haske, su tarwatsa musu yara.

"Riƙe fasinjarka," ta ce. "Ni zan ɗauki abina."

Yatsu biyu suka shiga bakina. Masu sanyi, masu ɗanɗanon nono. Suka wuce harshe, suka wuce maƙoshi, suka yi ta sauka har inda ban san yatsa zai kai ba. Suka kama wani abu. Suka zaro.

Na yi ƙoƙarin ihu. Iska ce kawai ta fito.

Aka saki ƙafata. Ƙofar ta rufe da kanta, a hankali, ba bugu.

Sawun ya ci gaba. Gwadabe yana tsaye a gefen hanya, hannunsa a ɗage, kamar yadda yake yi wa makiyaya. Sun daɗe suna wucewa. A madubi na ga tsohuwar ta tsaya daga ƙarshe, ta sunkuya a kunnensa, leɓɓanta suna motsi. Ya gyaɗa kai. Da ciyawar ta daina kwantawa, kwaɗi suka dawo da kukansu. Ya shigo ba hula, ya yi bisimilla, injin ya tashi bugu ɗaya. Bai sake tsayawa ba har Balan, inda ya sauke mu a ƙofar gida, ya jira muka shiga.

Kwana tara ban furta ko kalma ɗaya ba. Malamin unguwarmu ya yi ta ba ni rubutu ina sha. A rana ta goma murya ta dawo, tawa ita kaɗai, siririya kamar ta wadda ta tashi daga jinya. Sauran duk sun tafi. Na gwada ta Alhaji a bayan ɗaki, na gwada ta Dada, ko kukan akuya na kasa. Har yau in magariba ta yi ina jin tsamin nono a can ƙasan maƙoshina, kuma ba na kallon madubi a wannan lokacin. Alhaji Maikuɗi kuwa an ce ya koma ɗaukar gyaɗarsa da safe.

A ranar ta goman ne Gwadabe ya tsaya a ƙofar gidanmu ya duba ni. Ya kawo rake. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni da Dada muna daga bakin ƙofa, kawuna da maƙwabta biyu suna zaune tare da shi. Bayan an gaisa, Dada ta sassauta murya ta tambayi abin da kowa ke son tambaya. Ta ce ita ba ta ga komai ba, amma ta ga ya karkata kai kamar ana yi masa raɗa.

"Ɗan nan, don Allah me ta ce maka a ƙarshe?"

Gwadabe ya ɗan sosa ƙeyarsa, ya kalli ƙasa.

"Cewa ta yi tayata ta baya ta rage iska, in duba kafin in kai Gaya."

Kowa ya zuba wa raken ido.