Rogon da Ba a Dafawa

A shekarar da aka tashi tsohon Zongo na Lome, aka mai da mutanensa can wajen Agoye, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da iyayenta da ƙanenta Sabitu. Yarinya ce mai kaifin kai, wannan kam ba musu. Sai dai in ta ga kamar ta gane abu, ko wuni za ka yi kana mata bayani, kai kawai za ta riƙa gyaɗa maka.

A tsohon Zongo da ƙafa ake zuwa babbar kasuwa. Yanzu kuwa sai an shiga mota. Ga abinci kullum sai ƙara tsada yake. Masara ta hau, doya ta hau, manja ma ya bi su.

A lokacin ba a faɗin haka da ƙarfi, don tsoron hukuma. Ko babanta, Malam Garuba mai goro, in zai yi maganar tsada sai ya leƙa waje tukuna, sannan ya rage murya.

Uwarta, Barakatu, wadda yaran ke kira Mma, mace ce mai dabara. Takan haɗa hannu da maƙwabta su sayi buhun masara, su raba da kwano. Tumatir kuwa sai da yamma take saye, lokacin da masu kaya ke son komawa gida. Ta yanka, ta shanya.

Yarinyar tana ganin duk wannan. Ita ma tana so wata rana a ce ta iya cefane.

Wata Laraba ta dawo makaranta da rana, ta tarar da Mma tana ɗaura mayafi.

"Za mu kasuwa ɗauko buhu," in ji Mma. "Ga kuɗi. Ki sayo doya ɗaya a bakin titi, ki dafa muku ke da Sabitu. Doya na ce, kin ji ko?"

"Na ji, Mma."

A bakin titi ta ga doyar. Wata 'yar siririya ce, kamar hannun Sabitu. Ta tsaya tana ɓata rai.

Can gefe sai ga wata mata daga ƙauye ta sauke kwando tana hutawa. Kwandon cike yake da rogo, manya-manya. Yarinyar ta matsa, ta tambaye ta da yaren Mina, don duk ɗan Lome yana ji. Da matar ta faɗi kuɗin, yarinyar ta zaro ido. Abin da zai sayi doya ɗaya zai sayi tulin rogo, har da canji.

"'Yata, tsaya," in ji matar. "Wannan ba na dafawa ba ne. Mai ɗaci ne, na yin garin rogo. Sai an goge shi, an matse ruwan, an bar shi ya kwana biyu, sannan a soya. Wa ya aiko ki?"

"Mmata ce. Gari za ta yi."

Ƙarya ce, kuma ta fito mata da sauƙi. A ranta cewa take, rogo ai rogo ne. Ba shi suke saye dafaffe da ƙuli-ƙuli a ƙofar makaranta ba? Me ya gagari wuta?

Ta kawo shi gida a kanta tana murna. Ta fere biyu, ta ɗora a wuta, ta rufe tukunya ruf. Sauran ta tura bayan randa, don ta ba Mma mamaki. Da ta ga gawayi yana cinyewa, sai ta tuna shi ma kuɗi ne. Ta sauke tukunyar tun rogon bai yi laushi ba.

Ta zuba wa Sabitu, ta barbaɗa yaji da ƙuli-ƙuli.

Sabitu ya gutsura, ya yamutsa fuska. "Yaya, da ɗaci."

"Ɗacin me? Ci mana. Kai komai sai ka yi tsirfa."

Yunwa yake ji, ya cinye tas. Ita kuwa ta ɗanɗana, ta ji ɗacin ya kama mata harshe. Ta tofar, ta ce za ta ci anjima.

Bayan la'asar Sabitu ya bar wasa. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya riƙe kai.

"Yaya, gida yana juyawa."

Kafin ta ba shi amsa ya fara amai. Ya yi, ya sake yi. Ta ɗaga shi, ƙafafunsa suka ƙi tsayawa. Numfashinsa ya koma sama-sama, kamar wanda ya sha gudu.

Gabanta ya faɗi. Muryar matar nan ta dawo mata a kunne. Wannan ba na dafawa ba ne.

Ta ruga ta kwashe ɓawon, ta zuba bayan gida. Ta wanke tukunyar. Garin sauri murfin ya suɓuce ya faɗi.

Daidai nan Mma ta shigo. Tana ganin Sabitu kwance ta saki kwanon da ke hannunta. Masara ta watse a tsakar gida, ba wanda ya kalle ta.

"Innalillahi! Sabitu! Sabitu, kalle ni!"

Ya buɗe ido da ƙyar, ya sake rufewa.

Maƙwabta suka cika gidan. Wata ta ce zazzaɓi ne. Wata ta ce a'a, sabon wuri ne, daji ne da, ba a san abin da yaro ya taka ba. Aka ce a kawo garwashi a yi hayaƙi. Aka aiki yaro ya karɓo rubutu wajen malam.

Mma ta juyo. "Ke, me ya ci?"

"Abinci."

"Doyar?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Mma ta ɗauka e take nufi, ta koma kan ɗanta.

Yarinyar ta maƙale a jikin bango. Tsoro biyu ne suka kama ta. In ta faɗa, kowa a Zongo zai ji ita ce ta ba ƙanenta abin da zai kashe shi. In ta yi shiru, za a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure.

Ta kalli Sabitu. Leɓensa ya sake launi. Hannunsa ya zame daga cinyar Mma, ya sauka ƙasa, bai ɗaga ba.

Ba ta san lokacin da ta isa bayan randa ba. Ta jawo rogo ɗaya, ta kutsa cikin mata tana kuka.

"Mma, ba doya ba ce! Wannan na dafa masa! Mai shi ta ce kar a dafa, ban ji ba!"

Iya Meimuna, tsohuwar da ke ɗakin kusa da nasu, ta karɓi rogon. Ta karya, ta lasa, ta tofar.

"Subhanallahi! Mai ɗaci ne. Barakatu, bar hayaƙin nan, ɗauki yaro. Asibiti, yanzu-yanzu!"

Mma ta goya shi, ta fita ko takalmi babu. Yarinyar ta bi ta da rogon a hannu. A bakin titi wani direba da ya san Malam Garuba ya sauke fasinjojinsa, ya ɗauke su.

Hanyar ta yi mata tsawo. Tana riƙe da ƙafar Sabitu, ƙafar kuwa sanyi ƙalau. Mma salati kawai take yi. Da Mma ta doke ta ma, da ya fi mata sauƙi.

A asibiti likita ya tambayi abin da yaron ya ci. Ta miƙa masa rogon. Bai ƙara tambaya ba, ya karɓi Sabitu, aka rufe ƙofa.

Suka zauna a benci. Malam Garuba ya iso yana haki, hula a hannu. Duk sanda ƙofar ta motsa, sai yarinyar ta miƙe tsaye.

Ana kiran magariba likita ya fito. "Ya farfaɗo," in ji shi. "Sanin abin da ya ci shi ya taimake mu. Da kun ƙara jinkiri, da ban san abin da zan ce muku ba."

Mma ta durƙusa a wurin tana hamdala. Yarinyar ta fashe da sabon kuka.

"Baba, so na yi in rage mana kuɗin cefane."

Malam Garuba ya dafa kanta. "Na sani. Niyyarki mai kyau ce. Amma an gaya miki gaskiya, kika toshe kunne, har kika yi ƙarya. In kin ga abu ya yi araha da yawa, ki tambayi dalili. In an gaya miki, ki ji. Ba tanadin da ya kai ran mutum."

"Na ji, Baba." Wannan karon kam ta ji ɗin.

Mma ta jawo ta jikinta. "Kin yi kuskure babba. Amma da kika buɗe baki, kin ceci ƙanenki. Kar ki sake ɓoye abu irin wannan, ko da dukanki za a yi."

Sauran rogon bai tafi a banza ba. Iya Meimuna ta zaunar da ita, ta koya mata gogewa da matsewa. Da ya yi tsami suka soya, ya zama gari mai kyau. Daga baya matan gidan suka riƙa sayen kwando guda suna yin nasu, cefane ya yi sauƙi.

Ranar da aka sallamo Sabitu, ita ta goyo shi tun daga bakin titi har gida. Ya yi nauyi, bayanta ya gaji, amma ta ƙi sauke shi.

Suna shiga ya kwantar da kai a kafaɗarta, ya ce, "Yaya, yunwa nake ji. Ki dafa mini wani abu."

Ta kalli Mma. Mma ta yi murmushi, ta miƙa mata tukunya.