Kabad Ɗin Baba Dickson

Faustina ta fara ganin Kevin, mai gyaran kayan lantarki, a durƙushe a falonsu, kansa cikin kabad ɗin babanta. Dawowarta ke nan daga firamaren da take koyarwa a Kafanchan, ta tarar da takalmin baƙo a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ya zaro kai, goshinsa duk gumi. "Yawwa, sannu da dawowa. Baba ne ya kira ni in duba kayan nan. Ya tafi taron dattawan coci, ya ce ke za ki yi mini bayani."

Kayan kallo ne: babbar talabijin, da amfilifaya, da dikoda, da sifiku manya da ƙanana. Alexander ne ya kawo su daga Abuja lokacin Kirsimeti. Ma'aikacin gwamnati ne, ɗan abokin babanta, kuma duk unguwar ta san ba don tsohon kaɗai ya yi kyautar ba. Matsalar ita ce ana tsakiyar labarai ko wa'azi sai sauti ya ɗauke.

Kevin ya ce ta taɓa saman amfilifayar. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri.

"Ba abin da ya lalace," ya ce. "Zafi ne. Gaba gilashi, baya katako, ga dikoda a zaune a kanta. In zafin ya yi mata yawa sai ta ɗauke don kada ta ƙone."

"To, mene ne maganin?"

"Iska. A buɗe rami ta ƙasa mai sanyi ta shiga, a buɗe wani ta sama in sa ƙaramar fanka ta riƙa jawo mai zafi waje. Ko kuma a fitar da kayan gaba ɗaya."

Ta san Baba ba zai yarda a fitar da su ba, saboda ƙura da jikoki. Ta kuma san mene ne kabad ɗin a wurinsa. Aikin kafinta ya koyar har ya yi ritaya, kuma da hannunsa ya haɗa shi da katakon maɗaci, ya ba mamanta Yemima shekarar da suka yi aure. Tun rasuwarta shi yake goge shi da kansa. Amma Faustina ta ga ai baya ne, yana fuskantar bango.

"Ka yanka," ta ce.

"Ba za mu jira Baba ba?"

"Wa zai ga bayan kabad? Yanka kawai."

Baba Dickson ya dawo ya tarar da garin katako a ƙasa, fanka tana juyawa a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya leƙa bayan kabad ɗin, ya daɗe yana kallo.

"Ni ce na ce ya yanka, Baba."

"Ke ba ki san katako ba. Shi da ya riƙe zarto, shi ya kamata ya tambayi mai abu." Ya juya ga Kevin. "Kwashe kayanka."

Da yamma saƙon Kevin ya shigo wayarta, ta lambar da ta ba shi saboda aikin:

"Malama, ki yi haƙuri na jawo miki faɗa. Laifina ne. Amma don Allah kada a cire fankar, kuma a bar tazara kamar tafin hannu tsakanin kabad da bango."

Ta yi dariya ita kaɗai, ta rubuta: "Injiniya, an kore ka amma har yanzu fanka kake tunani?"

"Ba fanka kaɗai ba."

Daga nan hanyar Faustina ta komawa gida ta canja. Sai ta riƙa bi ta wajen tashar jirgin ƙasa, inda shagonsa yake. Ɗan Manchok ne, ba mai yawan magana ba, amma in ta zauna a benci tana gyaran takardun yara, yakan ajiye abin da yake yi ya sayo mata masara gasassa. Shi yana ce mata Malamata, ita tana ce masa Injiniya. A gida kuwa sauti bai ƙara ɗaukewa ba, Baba kuma bai taɓa cewa komai a kai ba.

Ranar da ta gaya wa Baba tana son Kevin, ya cire tabarau ya ajiye.

"Yaron zarto? A'a. Alexander na san ubansa, na san kakansa. Wancan me na sani game da shi, ban da ɓarnar da ya yi mini?"

"Baba, ba ka ba shi dama ka san shi ba."

"Na gama magana."

Wata Asabar Alexander ya zo neman aurenta da kawunansa a motoci. Kevin ya wuce a kan mashin ya gani. Saƙonsa ya same ta tana kicin:

"Malamata, na ga baƙi a ƙofar gidanku. Ba zan tare miki hanya ba. Allah ya sa albarka."

Ta kira, wayar a kashe. Washegari bayan an tashi daga coci ta same shi a shago, ko zama ba ta yi ba.

"Ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ga mota ka yanke hukunci. A gaban kawunansa na durƙusa na ce su yi haƙuri, akwai wanda nake so. Alexander ma ya ce dama ya lura, ya yi mini fatan alheri. Babana ko gaisuwata da kyar yake amsawa. Kai kuma kana nan kana sa mini albarka."

"Na ɗauka ya fi ni komai."

"Da shi nake so, da ba a shagonka nake tsaye ba."

Kevin ya ce, "Zan je wurin Baba."

Ya je, ya durƙusa a falo, bai yi zancen aure ba. Ya ce ya zo neman gafara ne, don sai daga baya ya ji tarihin kabad ɗin. Faustina tana bayan labule tana saurare.

Baba ya ce, "Tashi ka jawo shi."

Kevin ya jawo kabad ɗin daga bango. Baba ya bi bakin ramin da yatsa.

"Dabarar daidai ce. Hannun ne ba kyau. Dubi nan, kamar ɓera ya ci." Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon akwatin kayan aikinsa. "Akwai ragowar maɗaci a bayan gida. Ɗauko."

Haka Asabar ta zama ranarsu. Suka daidaita bakin ramukan, suka yi musu 'yan siraran sanduna a karkace irin na taga, iska na wucewa ba tare da an ga rami ba. Baba yana faɗa, Kevin yana cewa to. Tsakanin faɗan yake jefa tambaya: su wane ne iyayenka, wane coci kake zuwa, wa yake riƙe da ƙannenka. Faustina tana kawo musu ruwa, tana jin yadda muryar tsohon take saukowa.

Ranar da suka gama, Baba ya wanke hannu, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Ka gaya wa mutanenka na Manchok su zo. Kada su zo da rana tsaka, ina barci."

Kafin Kevin ya kai bakin titi saƙonsa ya shigo: "Malamata, don murna na kasa tayar da mashin."

"Tura shi, Injiniya. Ka isa gida lafiya, ina bukatarka da rai."

An ɗaura auren bayan girbi a cocin su Baba da ke Kagoro, a gindin dutse. Zumuntar mata suka cika gaba da anko, mutanen Manchok suka zo cike da bas. Bayan fasto ya gama, aka ce uban amarya ya yi addu'a.

Baba Dickson ya ɗora hannu ɗaya a kan Faustina, ɗaya a kan Kevin. Ya fara da ƙarfi: "Ya Ubangiji, ga 'yata, ga kuma..." Sai muryar ta tsaya. Ya sake gwadawa.

"Ga kuma ɗana. Ka riƙe su. Ka ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, fiye da wadda ka ba ni."

Jama'a suka fashe da dariya, suka amsa da amin. Faustina tana dariyar tana share hawaye, Kevin kuma ya riƙe hannunta bai saki ba har suka fita ƙofa.