Jirgin Zakiru

Magariba ta kawo jiki a unguwar Jurf ta Madina. Baba Awwalu yana alwala a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo gabansa, ƙwal. Ya ɗauka ya duba: noti ne, tsoho, duk tsatsa. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. A saman gidan kuwa babu kowa.

Ya san irin notin. Zamanin yaƙin basasa makanike ne shi a Kaduna, yana gyaran ƙananan jiragen da ake koya wa sojoji tuƙi, masu farfela ɗaya da kujera biyu. Ƙanensa Zakiru yana cikin masu koyo. Wata safiya Awwalu ya ɗaure injin da hannunsa, Zakiru ya tashi shi kaɗai, jirgin ya rikito kan wata tsamiya a bayan gari, ya kama da wuta, Zakiru bai fita da rai ba. Ba a taɓa gano dalili ba. Shekara hamsin da ɗoriya Awwalu yana tuhumar hannunsa.

A magariba ta uku bayan faɗowar notin jikarsa Khaulat ta yanke jiki ta faɗi, maƙogwaronta yana ruri kamar inji. Ta daina ci, ta daina sha. Uwarta Tasallah ta kira Malam Sharfaddeen, wanda yake karantarwa a jami'a.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe. Ita da aka haifa a Madina, wadda in an yi mata Hausa, da Larabci take amsawa, sai ga tsohuwar Hausa tana fita da muryar namiji.

"Awwalu. Tsamiyar nan gidana ce. 'Ya'yana biyu sun ƙone. Na daɗe ina nemanka."

"Ka ji tsoron Allah ka fita," in ji Malam. "Yarinyar nan ba ta yi maka komai ba."

"Ina wurin, Awwalu. Na ga abin da ya kwance a injin. Bar mini ita kwana bakwai, in gaya maka ko hannunka ne."

Tsohon ya matso kusa.

"Baba, ƙarya ta yi wa aljanu yawa," Malam ya ce a hankali.

"In kuma gaskiya ce fa, Malam?"

Awwalu ya dubi leɓen yarinyar da ya bushe ya tsage, ya dubi Tasallah tana kuka ba sauti. Ya runtse ido.

"Ci gaba da karatu."

"To, ba za ka taɓa sani ba!" Muryar ta yi ƙara, babban yatsan ƙafar Khaulat ya karkaɗa, gidan ya yi tsit.

Ta buɗe ido, ta ce, "Jaddi, moya." Kakanta take kira, ruwa take so. Shi ya ba ta da kansa, rabin kofin yana zubewa.

Bai ƙara shekara ba a duniya. Tasallah ce a kansa ranar da zai cika. Bayan kalmar shahada ta ga leɓensa yana motsi, ta sunkuya. Cewa yake, "Zakiru, sauko. Bari in sake dubawa."