Tafin Hannun da Ke Saman Ƙofa

Rana ta faɗa bayan tsaunukan Minas, Anacleto na zaune a ƙofar gida yana kurɓar kofi, sai ga dutse ya faɗo kan rufi ya gangaro gabansa. Ɗan ƙarami ne, mai faɗi. Ya juya shi a hannu, nan take ya san daga inda ya fito.

Gidan nan ba laka ba siminti a jikinsa. Dutse ne kan dutse, da ƙanana da aka cusa tsakani suna riƙe manyan. Hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi, ko ƙusa ba a bugawa sai da izini, ta kuma kafa allon tagulla mai cewa Kanar Honório, kakan Anacleto, shi ya gina. Anacleto kuwa yana goge allon nan fiye da yadda yake wanke fuskarsa.

Kwana bakwai, kullum da magariba sai dutse ɗaya ya zare daga bango. Bangon gabas ya fara yin ciki. A na takwas, 'yarsa Zulmira ta saki tukunyar wake, ta durƙusa gindin bango tana lalube, tana nishi da muryar tsoho.

Aka kira Iya Efigênia mai addu'a. Ta tsoma ganye a ruwa ta yayyafa wa yarinyar.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ventura," in ji muryar. "Ni na ɗora kowane dutse a nan, ina bawa, da sarƙa a ƙafata. Ku tambaye shi ina hannuna."

Anacleto ya sunkuyar da kai. Akwai tafin hannu da maginin ya sassaƙa a dutsen saman ƙofa, shi ne ya lulluɓe shi da farar ƙasa ana gobe mutanen hukuma za su zo.

"Iya, baƙi za su riƙa tambaya ne," ya ce a hankali.

"Su tambaya mana!" in ji muryar. "Uwar ubanka 'yata ce. Hancin nan na fuskarka, wa ya ba ka?"

Kunya ta rufe shi.

"Allon hukuma dai ba mu isa mu taɓa ba," in ji Iya.

"Wa ya nemi tagulla?" in ji muryar. "Ya kankare hannuna. Duk wanda ya tambaya, ya gaya masa gaskiya."

"To saki yarinya, ka mayar da duwatsun."

"Yarinya na saki. Duwatsu shi zai mayar. Ai jinin magini ne."

Zulmira ta yi atishawa uku, ta kife.

Da ta farfaɗo, sai ta hango ubanta kan tsani yana kankara da wuƙar yankan taba, yatsu biyar sun fito sarai. Ba ta tuna komai ba.

"Baba, hannun wa ne wannan?"

Ya hure ƙurar da ke kan tafin.

"Na kakanmu ne," ya ce. "Miƙo min duwatsun nan."