Maɓalli Na Takwas

Bayan sallar la'asar, kamar kullum, Malam Tamada ya shiga zaurensa ya kunna jirginsa. Ba jirgin gaske ba ne. Ɗan kan jirgi ne da bai fi tsawon hannu ba, yana zagaye wani faffaɗan tebur a kan siririn layin dogo. Mutanen unguwa a Yelwa sun daɗe da daina yi masa dariya. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙin jirgin ƙasa, ya dawo garin da ko dogo babu, ai dole a bar shi da abin wasansa.

Ɗansa Magaji ne ya sayo masa, ya kuma zuba sauti a ɗan allon da ke cikin injin. Maɓalli na ɗaya a rimot ƙugin inji ne, na biyu jiniya. A na takwas kuwa Magaji ya naɗi muryarsa don tsokana: "Baba, a hau, jirgi zai tashi!" Da damina kwale-kwale ya kife da shi a hanyar Warra, wayarsa ma ta tafi tare da shi. Duk duniya ba inda muryarsa ta rage sai cikin wannan ƙarfe.

Rannan jirgin ya tashi lafiya, fitilarsa na ci, amma shiru. Malam Tamada ya danna na takwas har babban yatsansa ya yi zafi.

Ya bi abin a tsanake, yadda Magaji ya koya masa. Ya goge layin da sifirit, ya kankare dauɗar ƙafafun jirgin. Ya duba ko an rage ƙara ne a rimot. Ya buɗe cikin injin ya taɓa siraran wayoyin nan biyu da ke zuwa lasifika, ya tarar dalmarsu na riƙe. Sai da ya ɗaga lasifikar ya ga baƙin yashi ya manne wa maganaɗisunta cunkus. Yashin ya fito ne daga ƙasar da ya shimfiɗa a gefen layin, wadda ya ɗebo da rani a kufan tsohon garinsu da tafki ya cinye, lokacin da ruwan ya ja baya.

Ya share tas, ya mayar, ya danna. Abin da ya fito ba muryar Magaji ba ce. Ƙarar daka ce, a hankali, kamar ana yin ta a ƙarƙashin ruwa.

'Yarsa Barakatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce abinci na hucewa. Bai ɗaga kai ba. Tun rasuwar Magaji haka yake yi mata, ita kuwa ta saba ajiye kwano ta juya.

Da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwanon gidan, jiƙaƙƙiya, alhali ba hadari. Inna Ruƙayyatu, matarsa, ta fito da tocila ba ta ga kowa ba. Kwana biyu ana haka. A na uku aka tarar da Barakatu zaune gaban teburin jirgin, zanenta sharkaf da ruwa, tana ƙarnin laka. Ba ta ci, ba ta san kowa ba.

"Malam, ɗiyarka ta," in ji Inna tana kuka. "Aje ƙarhen nan ka dube ta!"

Aka ɗauko Malam Abdulrahman daga Warra, wani siririn dattijo mai ruƙiyya wanda ba ya gaggawar komai. Ya zauna ya yi ta karatu har inuwa ta cika zauren. Can Barakatu ta ɗaga kai, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Mi kika nema ga yarinyag ga?"

"Ni ba ɓarauniya ba ce. Ubanta shi yaɗ ɗebo mini ɗaki cikin buhu. Gidan uwarshi nike zaune tun kahin ruwa shi ci garin. Kun kwashe kayanku kun hau tudu, ba wanda yac ce mini in taso."

Malam Tamada ya sunkuyar da kai. Yana yaro aka tashe su, ya tuna uwarsa tana waiwaye.

"Za a mai da miki ƙasarki," in ji malamin. "Ki hita."

"Da muryar."

"Wace murya?"

"Ta yaron. Shekara da shekaru ban ji an yi kira cikin garin nan ba, sai kihi. Ran da kwale-kwalen yak kihe na ji shi, shina kiran ubanshi. Ga ta nan na iske cikin ƙarhe. Ku ba ni ita, in bar muku ɗiya."

Malamin ya juyo. "Ba ta da hakki kan wannan, kuma maganar aljanu ba abin riƙewa ba ce. Ina iya ci gaba da karatu sai ta hita dole. Amma yarinyar ta jigata, za ta sha wuya."

Malam Tamada ya dubi jirgin. Sannan ya dubi 'yarsa, dubawa ta gaske. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, kuma ya san wannan rama ba ta kwana uku ba ce.

"Bari in ji shi sau guda," ya ce da ƙyar.

Bai taɓa rimot ba, lasifikar ta buɗe, muryar ta fito tar da dariyarta: "Baba, a hau, jirgi zai tashi!" Inna ta toshe baki da gyale.

"Ɗauki," in ji shi. "Ki tahi."

Barakatu ta yi atishawa ta sulale, uban ya tare ta kafin kanta ya kai ƙasa.

Washegari ya tattara ƙasar har ƙwayar ƙarshe, ya shiga kwale-kwale ya juye ta a tafki. Da ya dawo ya kunna jirgin. Ƙugi ya dawo, jiniya ta dawo, har ƙarar birki. Ya danna na takwas. Shiru. Ya san ba laifin waya ba ne, bai ko nemi sukudireba ba. Ya zauna jirgin na ta zagaye teburin, hawaye na bin gemunsa.

"Baba," aka ce daga bakin ƙofa, a hankali, irin kiran wanda bai sa ran amsa ba. "Abinci na hucewa."

Ya kashe jirgin.

"Na'am, Barakatu," ya ce. "Shigo da shi nan, mu ci tare."