Amaryar da Ta Daina Cin Tuwo

Sanyin ruwa na fara ji a fuskata kafin na ji muryar kowa.

"Maimunat... buɗe idonki."

Na buɗe da ƙyar. Sista Phebe ce durƙushe a kaina, maƙwabciyarmu da ke aikin jinya. Bayanta matan da muke motsa jiki tare a gefen filin Ramat sun yi mini rumfa.

"Me kika ci yau?"

Na kau da kai.

"Jiya fa?"

"Shayi..."

"Wane irin shayi?"

"Na rage ƙiba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Na kira Usama. Lambarsa na fara gani a wayarki."

Ji na yi kamar in sake sumewa.

Usama shi ne wanda zan aura bayan Babbar Sallah. Dillalin shanu ne, kuma daga Kasuwar Shanu ya taso a keke napep, hularsa a karkace, takalminsa duk taɓo. Ya tsaya nesa kaɗan saboda idon mutane.

"Sista, me ya same ta?"

"Yunwa ce. Ta daina cin abinci, ta zo tana gudu."

Ya juyo gare ni. "Maimu na... don me?"

Na ja laffayata na rufe fuska.

Maganar ta samo asali ne daga asibiti. Gwiwoyina suka dame ni da ciwo, ko hawa matakalar shagonmu na laffaya a Kasuwar Litinin sai na tsaya na huta. Likita ya auna ni ya ce sukarin jinina ya fara hawa, in rage nauyi tun da sauran lokaci. Ciwon sukari ne ajalin mahaifina, saboda haka na tsorata ƙwarai.

Da na dawo gida, Khairat na fara gaya wa, 'yar kawuna da muka tashi tare. Ta kama hannuna cikin tausayi.

"Dama ban so in faɗa miki ba. Ya Usama ma ya yi wa abokansa ƙorafi. Wai yana sonki, amma jikin ya yi yawa."

Washegari ta kawo mini shayin a leda. Ta ce in sha safe da yamma, in bar tuwo, in bar shinkafa, in yi ta gudu har sai gumi ya jiƙa ni. Kafin biki zan dawo kamar ita.

Haka na yi ta yi a ɓoye, har ranar da na zube a fili.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Ya Kaltumi, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, tana tsaye a tsakar gida.

"Shi ne ko? Shi ya ce ki rame?"

"Ya Kaltumi, ba haka..."

"Tun kafin ya kai ki gidansa ya fara horar da ke da yunwa? A danginmu ba a taɓa kai amarya kamar sillen kara ba. In jikinki bai yi masa ba, ya nemi wadda ta yi masa."

Ta aika wa Usama cewa kada ya sake taka ƙofar gidan sai ta neme shi. Sannan ta dire mini kwanon burabusko da miyar taushe, mai yana yawo a kai, ta zauna ta tsare ni.

"Cinye shi tas."

Na ci ina kuka. Ban san na yunwa ne, na kunya ne, ko na rashin Usama ba.

Da la'asar Sista Phebe ta shigo.

"Wushe, Ya Kaltumi."

"Wushe, 'yar nan. Kin ga abin da yaron nan ya yi mini?"

Sista ba ta yi musu ba. Ta nemi faranti, ta zauna a tabarma tsakaninmu.

"Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma ku duka kun zarce. Maimunat, abinci ƙarfi yake ba jiki, shi ake kira kalori. Abin da jiki bai yi aiki da shi ba sai ya ajiye, shi ne ƙiba. In kina son raguwa, abin da kike ci ya gaza abin da kike ƙonawa da kaɗan. Da kaɗan na ce. Ke kin hana shi komai, kuma kin sa shi gudu."

"To ai na ga na ragu..."

"Ruwan jikinki ne shayin ya zubar. Da kin ci gaba, tsoka za ki rasa, ranar da kika koma cin abinci kuma ƙibar ta dawo da 'yan rakiya."

Ya Kaltumi ta gyaɗa kai. "Gaya mata dai."

"Ke ma zan gaya miki, Ya. Maimunat ta gaya mini likita ya ce sukarinta na hawa. Kin fi kowa sanin yadda babanta ya ƙare."

Ya Kaltumi ta dube ni.

"Sukari? Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Ban so hankalinki ya tashi ba."

Ta share ido da bakin laffaya. "Ci gaba, Phebe."

Sista ta ja yatsa a kan farantin. Rabi na ganye ne, zogale ko alayyafo ko kabeji. Sauran rabin a raba biyu, gefe ɗaya tuwo ko shinkafa kamar dunƙulen hannuna, gefe ɗaya wake ko ƙwai ko bandar kifin Baga. A rage mai a miya. Lemon kwalba sai ran biki.

"Gudu kuma ki ajiye shi tukuna. Tafiya za mu riƙa yi da safe, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya waƙa ba. Ki sa wani abu a cikinki kafin ki fito. Kuma kar ki ce kin yi tafiya ki dawo ki rama da wainar fulawa, aikin safiyar ya tafi ke nan."

"Tuwon kamar dunƙulen hannu?" Ya Kaltumi ta ce. "Hannun wa? Nawa ko nata?"

"Nata."

"Kash. Nawa ya fi girma."

Karon farko ke nan da na yi dariya a ranar.

Usama ya yi biyayya, bai zo ba. Amma bayan sallar magariba ya kira ni.

"Maimu na, tambaya ɗaya zan yi. Wa ya ce miki jikinki bai yi mini ba?"

"An ce ka faɗa wa abokanka..."

"Wa ya ce?"

"Khairat."

Na ji ya sauke numfashi.

"Ban so in haɗa ki da 'yar uwarki ba, shi ya sa na yi shiru. Ta sha turo mini saƙon soyayya, na ce mata ke na gani, ke nake so. Wallahi ban taɓa yin maganar jikinki da kowa ba. Ranar da na fara ganinki a shago kina yi wa wata mai ciniki dariya, haka kike. Ban ga abin ragewa ba."

Hawaye suka zubo mini.

"To amma likita ya ce..."

"Wannan daban. In don lafiyarki ne, ina tare da ke. In don ni ne, ki bari. So nake mu tsufa tare, sanyin idona."

Washegari da muka fito da Sista Phebe, sai ga shi a ɗaya gefen titi, cikin wando da takalmin ƙwallo, tumbinsa na gaba yana biye.

"Ya Usama, an ce kar ka zo."

"Ƙofar gida aka hana ni. Titi na gwamnati ne."

Sista ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai ma ka zo in auna ka. Wannan cikin ba na ruwa ba ne."

"Tsiren kasuwa ne, Sista. Ina zan kai shi?"

"Ka rage tsinken tsire, ka ƙara tafiya."

Haka muka ci gaba, mu a gefenmu, shi a gefensa. A farko shi ke fara haki. Wani makon ma'auni ya nuna na ragu kaɗan, wani makon ya tsaya cak, in ɓata rai, Sista ta ce in bar ma'auni in tambayi gwiwata. Gaskiyarta. Na fara hawa matakalar shago ba tare da na dafa bango ba. Jiri ya tafi. Barcina ya yi daɗi.

Ya Kaltumi da kanta ta koma auna mai da cokali, tana yi tana mita.

Ita ta kira Khairat ɗaki, bayan na gaya mata komai. Ban ji abin da suka yi ba. Khairat ta fito idonta jajir, ta tsaya a kaina.

"Ki yafe mini, Maimunat. Ban zaci zai kai ki ga faɗuwa ba."

Na dube ta. Tare muka yi wasan ƙasa, tare muka yi makokin Baba.

"Na yafe. Allah ya ba ki naki."

Ranar Juma'a Ya Kaltumi ta aika a kira Usama. Ya zo cikin babbar riga, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ma ramewar kake yi?"

"Kaɗan, Ya."

"Na zalunce ka, ɗana. Na ɗora maka laifin da ba naka ba."

"Uwa ba ta laifi. Tsoron da kika ji ni ma shi na ji."

Ta tura masa faranti, rabi zogale, tuwo ɗan dunƙule. Ya duba, ya dube ta.

"Har ni?"

"Har kai. Ba zan ba da 'yata ga wanda zai riga ni kwanciya ba."

An ɗaura aurenmu bayan Sallah. Ban zama siririya ba, tela ya ɗan rage kayan lefe ne kawai. Amma da na koma asibiti gab da biki, likita ya duba sakamakon ya yi murmushi, ya ce in ci gaba da abin da nake yi.

Ran walima, gida cike da ƙamshin turaren wuta da kiɗan ganga, aka kawo mana sinasir da soyayyen naman rago. Na tsaya ina kallon kwanon. Usama ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ci, amaryata. Yau ranarki ce."

"Gobe fa?"

"Gobe mu fita da sassafe. Kuma daga gobe na daina tafiya a tsallaken titi."