Maɓalli a Kan Allura

Da ƙarfe tara na safe Sufeto ya iso shagon Baba Mai Faifai. A hanya ya riga ya yanke cewa aikin banza ne. Faifai ɗaya aka sace, a zamanin da ko rediyo ba kowa ke kunnawa ba.

Ganin tsohon ne ya sa ya gyara fuska. Yana zaune kusa da garmahonsa, hannuwansa na kan gwiwa, idanunsa sun kumbura.

"Baba, me aka ɗauka?"

"Muryar matata, Yallaɓai."

Auta, 'yarsa mai kula da cinikin shagon a kasuwar intanet ta masu tara faifai, ita ta yi bayani. Mahaifiyarta ta yi waƙa da wata ƙaramar ƙungiya tun kafin a haife ta. Sun buga faifai ɗaya tak, kwafi kaɗan, kuma iya saninsu wannan ne kawai ya rage. Shekara shida ke nan da rasuwarta.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Bara, rana kamar ta yau," in ji Baba. "Sau ɗaya nake sa shi a shekara, ranar da ta rasu. Allura tana cin faifai, Yallaɓai. Ina yi masa tattali ne."

"Ba ku taɓa ɗaukar waƙar a waya ba?"

Auta ta kalli mahaifinta, shi kuma ya kalli ƙasa. Ta sha roƙonsa yana hanawa, wai waya tana matse murya.

Sufeto ya karɓi kwalin faifan. Ba fanko ba ne, ɓarawon ya saka wani faifai a ciki don kada a ji ya yi sauƙi. Ya zaro shi. Tsohon faifan koyon turanci ne wanda ba mai saye, amma yana ƙyalli, yana ƙamshin wani ruwan wanki mai ɗan yaji a hanci.

"Daga ina wannan?"

"Daga kwandon tarkace," in ji Auta. "Na cikin kwandon duk ƙura ce."

Sufeto ya rubuta a littafinsa. Ya ga ɓarayi iri-iri a aikinsa, amma bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya wanke abin da zai bari ba. Wannan mutum ne da hannunsa ba zai iya saka faifai mai datti a kwali mai tsabta ba, ko da kuwa sata yake yi.

Ya kira Auta ɗakin baya, inda kwamfutarta take tsakanin kwalayen aika kaya da gam.

"Wa ya san inda faifan yake?"

"Ni da Baba, sai Baffa Mai Allura. Abokin Baba ne, shi ke gyara mana garmaho."

"Kin taɓa saka shi a intanet?"

"A'a."

"Buɗe shafin in gani."

Ta buɗe. Ya sa ta rubuta sunan ƙungiyar, sai ga faifan ya fito da hotonsa, da shekarar bugu, da lambar da aka zana kusa da ramin tsakiya. Sunan shagonsu ne a matsayin wanda ya shigar da shi kundin.

Auta ta fashe da kuka. "Ba don sayarwa na saka ba, Yallaɓai. Na ga kowane mawaƙi yana da suna a kundin nan, ban da Mama. Na so ne kawai a san ta yi."

"Sai me ya biyo baya?"

"Saƙonni. Mutane daga ko'ina suna ta tayi. Na gaya wa Baffa don ya ba ni shawara, ya ce in yi shiru kada ran Baba ya ɓaci."

A ƙasan shafin akwai tarihin ciniki. An sayar da kwafi ɗaya wata bakwai da suka wuce, daga wani asusu da bai taɓa sayar da komai ba kafin nan ko bayan nan. Auta ba ta ƙara leƙa shafin ba tun da saƙonnin suka tsorata ta. Ta karanta bayanin mai sayarwa a fili: kwali babu, gefe na ɗaya lafiya lau, gefe na biyu yana tsalle a baiti na biyu, amma in an ɗora maɓallin riga a kan allura yana wucewa. Har da ɗan samfurin sauti na daƙiƙa talatin.

Sufeto ya leƙa shago. "Baba, wa ya san maganar maɓalli?"

"Ni da Mai Allura," in ji tsohon. "Shi ya gano dabarar. Shi ne ma mai jita a faifan." Daga nan ya ƙara da cewa, "Amma ba zai yi ba. Shi ya riƙe ni a bakin kabarinta."

Shagon Mai Allura yana layi na uku, ɗan ƙarami, cike da garmaho marasa murfi. Sufeto ya same shi yana ƙoƙarin ɗaura wata 'yar ƙusa, ƙusar na ta kuɓucewa saboda rawar hannu. A kan kanta akwai kwalba marar suna. Sufeto ya buɗe ya shinshina, ya ji ƙamshin ruwan wankin nan mai yaji, ya mayar.

"Kana sayar da kaya a intanet?"

"Ni? Yallaɓai, ko lambar wayata sai an duba mini."

"Yaushe rabonka da faifan marigayiya?"

"Shekaru. Mai Faifai ba ya bari a taɓa."

Sufeto ya zauna a kan wata tsohuwar lasifika, ya yi hamma kamar wanda ya gaji da maganar.

"To shi ke nan. Dama wanda ya saya ne ya kai ƙara, ya ce an cuce shi. Wai mai sayarwa ya rubuta faifai ba shi da aibi, ashe yana tsalle. Irin 'yan damfarar nan ne da ba su san darajar sana'a ba."

"Ƙarya yake," in ji Mai Allura. "A layi na uku na rubuta, har da yadda zai..."

Ya tsaya. Ƙusar ta faɗi ƙasa, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

"Ba wanda ya kai ƙara," in ji Sufeto a hankali.

Mai Allura ya zauna. Bai yi gardama ba. Ya ce hannunsa ya daina yi masa biyayya, masu kawo gyara sun watse, sai ga tayin da Auta ta nuna masa ya hana shi sukuni. Ranar da Baba ya tafi asibiti ya bar masa shago, ya ɗauka. Ya yi ta gaya wa kansa cewa shi ma jitarsa na ciki, yana da haƙƙi.

"Shekara arba'in ban taɓa yi wa mai saye ƙarya a kan faifai ba," ya ce.

"Sai abokinka ka yi wa."

Sajen da ya rako Sufeto ya zaro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Hannuwan nan ba inda za su je. A haka suka fita da shi zuwa mota, maƙwabta na leƙe.

Da yamma Sufeto ya koma shagon Baba, kuma wannan tafiyar ta fi masa ta safe nauyi. Ya gaya masa gaskiya. Faifan ya ƙetare teku tun wata bakwai, wanda ya saya ya rufe asusunsa. Za a rubuta takardu, amma bai yi alkawarin komai ba.

Baba bai tambayi abokinsa ba. Ya ce, "Auta, kin ce akwai sauti?"

Ta kawo wayarta ta ajiye a kan garmahon, ta danna. Aka ji ƙarar gogar allura, sannan jita ta shigo ta yi ta tafiya. Mai Allura ya ɗauko daga farkon waƙar ne, inda nasa kiɗan yake. Sai a daƙiƙa ta ashirin da biyu muryar mace ta tashi, siririya, mai tsabta. Ta yi layi ɗaya, ta ja numfashi za ta shiga na biyu, sautin ya yanke.

Sufeto ya ɗauki hularsa. Ya kai bakin ƙofa ya ji tsohon yana tambaya da ƙaramar murya.

"Wannan, in an yi ta maimaitawa, yana cinyewa?"

"A'a, Baba."

"To sake sa mini."